Zoɓon Gonar Jibo

Shekara uku ban sha zoɓon gonar Jibo ba,
alhali ga gonar nan bayan rumfata,
ina facin taya, ina kallon jan da take yi.
Ni nake ɗaure wa kekensa sarƙa
ranar Alhamis, in zai kai buhu Maigatari,
amma tiya guda ta fi ƙarfin aljihuna.

Tun kan ya nuna an riga an saye shi.
Mutane ne da ba su taɓa jiƙa shi a ƙwarya ba,
waya biyu a hannu, sikeli a bayan mota,
suna cewa jirgin ruwa na jira.
Alhaji Mamuda ya cika sito uku,
ya maƙala kwaɗo mai faɗin tafin hannu,
ya ce a bar shi ya kwana, kuɗi ne ke haihuwa a ciki.
Mu aka bar mana shara:
na gona goma a gauraye, da yashi da tsinke,
a zuba masa garin kala, a ƙulla a leda.
Na sha don ƙishirwa.
Harshena bai taɓa yarda ba.

Bana kasuwa ta yi sanyi.
Alhamis ta zo, motocin ba su zo ba,
wata ta zo, wayoyin suka daina ƙara.
Ɓera ya fara karɓar nasa kason a sito.
Dillalin da ba ya amsa sallamata
shi ne ya tsallako titi yana tambayar lafiyar ƙafata.

Ban tsaya wurinsa ba.
Na je ƙofar Jibo da kwanona,
na ce auna mini na tudu, ba na gangare ba,
wanda ya sha rana a gefen kukar nan,
baƙi, mai kauri, wanda in ka murza
yatsa ke kwana da lalle.

Tsahare ta jiƙa shi tun la'asar.
Na hana ta citta, na hana ta kanumfari,
sukari ma ɗan abin da zai gaisa da shi.
Ta ce tsufa ya sa ni tsirfa.
Ya kwana a tulu.

Da hantsi na kurɓa.
Tsamin bai yi gaggawa ba,
ya tsaya a gefen harshe kamar baƙo mai kunya,
sannan ya shigo da ƙamshin jigawa bayan yayyafi,
da wani ɗan bauri can ƙarshe
wanda na gonar Jibo kaɗai ke da shi.
Ko a duhu aka miƙo mini zan kira sunan gonar.

Na aika yaro ya kira shi.
Ya zauna kan tsohuwar taya, ya riƙe kofin da hannu biyu.
Ashe shi ma rabonsa da shi shekara uku:
wa zai jiƙa abin da ake aunawa da kuɗin kwano?
Ya ce bana rufin ɗakin ya fasa,
bandir biyu ya lissafa, ko ɗaya bai fito ba.
Na rasa inda zan ajiye murnata.
Faɗuwarsa ce nake sha da sanyi.

Ya shanye, ya leƙa gindin kofin,
ya ce, ashe haka yake?
Ya miƙo a ƙara.

Kekensa na jingine, bayan ya sace.
Na juya shi, na ciro tsuf, na tsoma a ruwa
ina neman inda kumfa ke fita.
Ya laluba aljihu, na ce bar shi,
in Allah ya kai mu baɗi, ko motocin sun dawo,
ka ɓoye mini tiya biyu na gefen kuka.